Mugun Wasa da Tabon da Yake Bari

Sharhinmu na yau zai duba mugun wasa, irin wanda ake kitsa wa mutum ba da saninsa ba don a yi masa dariya, da abin da ke saura a zuciyarsa bayan 'yan kallo sun watse.

Da asubahin ranar 4 ga Disambar 2012, wajen ƙarfe 5 da rabi, aka bugo waya asibitin King Edward VII da ke Landan. A lokacin Kate, matar Yarima William, tana kwance a can saboda matsanancin laulayin cikinta na fari, 'yan jarida kuma sun yi cincirindo a bakin ƙofa. Mai karɓar waya ba ta fara aiki ba a wannan sa'ar, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauka. Sunanta Jacintha Saldanha, 'yar asalin Indiya, mai shekara 46, uwar 'ya'ya biyu. Muryar wata mace ta nemi a haɗa ta da jikarta Kate. Jacintha ta ɗauka Sarauniya Elizabeth ce, nan take ta tura kiran ga nas ɗin da ke kula da mara lafiyar. Ita kuwa ta zayyana yadda Kate ta kwana da halin da jikinta ke ciki.

Ashe ba Sarauniya ba ce. Mel Greig ce, mai gabatar da shiri a gidan rediyon 2Day FM na birnin Sidni a Ostireliya, tare da abokin aikinta Michael Christian da ke kwaikwayon Yarima Charles, ana kuma ta haushi daga bayan fage wai karnukan fada ne. Su da bakinsu sun ce sun zaci za a katse wayar da zarar an ji kwaikwayon nasu, don ko kusa bai yi kama ba.

Ba kai tsaye aka watsa kiran ba, kuma wannan ne ya sa laifin ya wuce kan matasan nan biyu. Naɗar sa aka yi, manyan gidan suka saurara, lauyoyi suka duba, sannan aka sake shi. Gidan rediyon ya ce sau biyar yana neman asibitin don samun izini. Bai samu ba, ya watsa duk da haka. Kafin gari ya waye sau biyu, muryar ta zaga duniya, gidajen talabijin suna maimaitawa, jama'a suna ta shewa. Shi kansa Yarima Charles ya yi wa 'yan jarida raha a kan lamarin.

Ranar 7 ga Disamba, kwana uku da kiran, aka tarar da gawar Jacintha a masaukin ma'aikata kusa da asibitin. Ta kashe kanta.

Asibitin ya ce bai dakatar da ita ba, bai kuma hukunta ta ba. Fadar ta ce ba ta kai ƙorafi a kan ma'aikatan ba. Sunanta ma bai fita duniya ba sai bayan rasuwarta. To me ya yi mata nauyi haka? Amsar tana cikin saƙonnin da ta aika wa abokan aikinta, waɗanda aka karanta a zaman binciken musabbabin mutuwarta a watan Satumbar 2014. A ciki ta ɗora wa kanta laifin baki ɗaya, ta roƙi gafarar nas ɗin da ta tura wa kiran, ta ce kunyar kanta take ji, ba ta san da wane ido za ta dubi shugabanninta ba. Mai binciken, Fiona Wilcox, ta ce a fili yake kiran yaudarar yana ci mata rai a kwanakin, tare da wani saɓani da take fama da shi da wata abokiyar aiki. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa suna jaddada cewa da wuya abu ɗaya tak ya kai mutum ga halaka kansa. Amma mai shirya mugun wasa bai san kayan da ke kan wanda ya zaɓa ba kafin ya ƙara masa.

Irin wannan wasa da halin kirki yake cin abinci. Maƙetaci mai zargin kowa ba ya faɗawa tarkon, don tun farko bai yarda da kowa ba. Wanda ke faɗawa shi ne mai ladabi, mai saurin taimako, mai gaskata abin da aka faɗa masa. Masu shirin sun ce fada suke tsokana, amma fada ko gezau. Wadda abin ya faɗa wa ita ce baƙuwa mai aikin dare, wadda ta gina mutuncinta a kan riƙon amana, aka wayi gari amanar ce aka mayar abin dariya.

Masu cewa ai ba duka aka yi ba, ba zagi aka yi ba, bincike bai goyi bayansu ba. A shekarar 2003, Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis sun sa mutane wasan jefa ƙwallo a kwamfuta suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, sai aka daina jefa musu da gangan. Sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa idan jiki ya ji zafi, shi ne ya motsa da aka ware su. A 2008 kuma wasu masana, cikinsu har da Kipling Williams na Jami'ar Purdue, sun gano cewa mutum na iya tuna raunin da ya taɓa ji a jiki ba tare da zafin ya dawo ba, amma in ya tuna cin amana ko wulaƙancin da aka yi masa, raɗaɗin kan taso sabo. Shi ya sa za a tarar da dattijo ya manta da karayar da ya samu yana yaro, amma yana iya lissafa sunayen waɗanda suka yi masa dariya a makarantar kwana ranar da aka ɓoye masa tufafi yana wanka.

Haka abin yake ga wasan tsoratarwa. Jiki bai san wasa ba. Da zarar mutum ya ga abin da ya ɗauka bindiga ce, zuciya ta shiga bugawa, numfashi ya sarƙe, jini ya hau, duk kafin hankali ya tantance. Bayanin da za a yi masa daga baya zai shiga kunne, amma firgicin ya riga ya shiga jiki. A wurin wasu yakan koma rashin barci da zabura da gudun wurin da abin ya faru.

Masu yin wasan kiran asibitin Landan ma ba su tsira ba. An soke shirin, manyan kamfanoni suka janye tallace-tallacensu, kamfanin da ya mallaki gidan rediyon ya ba iyalan mamaciyar dalar Ostireliya 500,000. Masu gabatar da ƙara na Ingila sun ce ba za su gurfanar da kowa ba, amma a 2015 babbar kotun Ostireliya ta tabbatar wa hukumar kula da gidajen watsa labarai ikon yanke cewa gidan ya karya doka. Mel Greig ta sha barazanar kisa, ta faɗa cikin ciwon damuwa, ta bar aikin a ƙarshen 2013. Kamfanin ya amince cewa ba ita ta yanke shawarar watsa kiran ba. Duk da haka ta yi tattaki har Landan, ta miƙe a zaman binciken tana kuka, ta nemi gafarar iyalan.

Kada a fahimci wannan sharhi a matsayin yaƙi da raha. Bahaushe ya san wasa, ya kuma tsara shi. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Kanawa da Zagezagi, na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarbawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin da ke tsakanin al'ummomin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, saboda rawar da yake takawa wajen kashe wutar rikici. Sai dai wannan wasa yana da sharuɗɗa ko da ba a rubuce ba. Kowa ya san abokin wasansa tun yana yaro. Wanda aka tsokana yana da bakin ramawa nan take, sau da yawa ma ramuwar ce ta fi daɗi. Kuma in an tashi daga dandali magana ta ƙare. Mugun wasa ya rushe ukun nan duka: wanda ake yi wa bai san ana yi ba, ba shi da hanyar ramawa, na'ura kuma ta adana kukansa don wanda bai taɓa ganinsa ba ya kalla bayan shekara goma.

Addinin Musulunci ya ja wannan iyaka tuntuni. A cikin Sunan na Abu Dawuda an ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, ya farka a firgice, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tsoratar da Musulmi. Igiya ce kawai, ba a yi asarar komai ba, firgicin shi ne abin da aka hana.

A yau wayar hannu ta mayar da firgicin mutane sana'a. A titunan Nijeriya ana ganin matasa suna ɗaukar bidiyon fashin ƙarya, ko garkuwar ƙarya, ko wani ya yanke jiki ya faɗi gaban mai shago wai ya mutu. A gida kuma miji ya yi wa matarsa ƙaryar ƙarin aure ko saki, waya na ɓoye a lungu tana ɗaukar hawayenta, alhali mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa saki ba a yin sa da wasa, in an furta ya auku. A ƙasar da ake sace mutane da gaske, mai wasan garkuwa bai san ko wanda ya tare ya taɓa sayar da gonarsa don ya fanso ɗansa ba. A watan Yunin 2023 kakakin rundunar 'yan sandan Nijeriya na lokacin, Olumuyiwa Adejobi, ya fito fili ya gargaɗi masu irin waɗannan bidiyo cewa suna jefa rayuka cikin haɗari.

Bayan an gama kuma sai a zo da maganar da ta fi wasan ciwo: “Haba, wasa ne fa, kai ba ka san wasa ba?” Da wannan an juya laifin. Wanda aka cuta ya zama mai ƙaramar zuciya, dole ya yi murmushin yaƙe ko a ce ya cika fushi. Da yawa sukan haɗiye, su yi dariyar tare da jama'a, su tafi gida da abin a ciki.

Inda lamarin ya fi muni shi ne in mai wasan shi ne wanda ya kamata yaro ya gudu wurinsa. A jihar Maryland ta Amurka, wasu ma'aurata, Michael da Heather Martin, sun buɗe tasha a YouTube mai suna DaddyOFive, suna shirya wa 'ya'yansu biyar tarko suna ɗauka. Mabiyansu sun kai kimanin 750,000. A wani bidiyo na watan Afrilun 2017, matar ta zuba tawada mai ɓacewa a kan kafet, suka kira yaro ɗan shekara 9 suka rufe shi da tsawa da ashar wai shi ya ɓata. Yaron yana kuka yana rantsuwa ba shi ba ne, fuskarsa ta yi jawur, sai can suka fashe da dariya suka ce wasa ne. Da surutu ya yi yawa, da farko cewa suka yi ai shiri ne, yaran sun san komai, daga baya suka nemi afuwa.

Hukuma ba ta gamsu ba. An karɓe biyu daga cikin yaran, waɗanda ba Heather ce ta haife su ba, aka miƙa wa mahaifiyarsu ta asali. Gwajin da ƙwararru suka yi musu ya nuna tunaninsu ya taɓu taɓuwar da ake iya gani a zahiri. A watan Satumbar 2017 kotu ta yanke wa ma'auratan shekara biyar ƙarƙashin sa idon hukuma bisa laifin sakaci da yara. YouTube ya rufe tashoshinsu a 2018, a watan Janairun 2019 kuma ya fitar da ƙa'idar da ta haramta wasan da ke sa mutum ya zaci ransa na cikin haɗari, da wanda ke jefa yaro cikin matsanancin tashin hankali, kamar a yi masa ƙaryar mutuwar iyayensa.

Tashar ta daɗe tana samun kuɗin talla kafin wannan, domin kowane kallo kuɗi ne, kuma dubban ɗaruruwan mutane sun kalli kukan yaron sun danna alamar so. Ba 'yan sanda ne suka fara bankaɗo ta ba, ba kuma kamfanin ba. Wani mai sharhi a YouTube ɗin, Philip DeFranco, shi ya tattara guntayen bidiyon ya nuna su a jere, daga nan masu kallo suka shiga kai ƙorafi har hukumar kare yara ta buɗe bincike.