HOTON HAƘORI: A DUBA BAKIN TUKUNA

Akwai wata magana da ke yawan tasowa tsakanin mutanen Gombe mazauna Kurmi, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu. Saƙo zai zo daga gida cewa tsohuwa tana fama da ciwon haƙori, an kai ta asibiti, likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai an ɗauki hoto, saboda haka a aiko da kuɗi. Nan take sai gardama ta kaure. Wani ya ce ai dabarar cin kuɗi ce kawai, tun da haƙori ba a cikin ciki yake ba, ga shi nan a fili kowa na gani. Wani ya ce hasken na'urar yana jawo ciwon daji, kada a yarda. Wani kuma ya ce shi a asibitin kuɗi da yake zuwa a Ikko, ko wankin haƙora ya je yi sai an ɗauke shi hoto, kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Kowanensu yana da ɗan abin kamawa, amma gaskiyar maganar ita ce, hoton haƙori ba shi da wani haɗari mai yawa, kuma akwai lokacin da rashinsa ne ke kashe mutum. Inda gizo ke saƙa shi ne a mai da shi kamar kuɗin shiga ƙofa, a ɗauki kowa tun kafin likita ya buɗe bakinsa ya duba. Wannan kam bai dace ba, a Gombe ne ko a Ikko.

Bari a fara da batun tsoro, tun da yana da asali. A watan Nuwamba na 1895 ne wani masani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wannan haske mai ratsa jiki da ake kira eksire. Cikin 'yan makonni, a farkon 1896, wani likitan haƙori na ƙasar Jamus mai suna Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa da kansa, kuma sai da ya zauna minti 25 hasken yana dukansa kafin hoton ya fito. A Amurka kuwa, likita Edmund Kells na birnin New Orleans, wanda yana cikin na farko da suka yi amfani da na'urar a kan marasa lafiya, ya shekara da shekaru yana sa hannunsa cikin hasken. Ƙarshenta ciwon daji ya kama hannun, aka dinga yanke masa yatsu ɗaya bayan ɗaya har aka kai ga guntule hannun duka, kafin rasuwarsa a 1928. Watau wanda ya ce hasken nan yana cutarwa bai yi ƙarya ba. Sai dai labarin da yake bayarwa ya haura shekara 100 da faruwa.

Na'urar yanzu ko daƙiƙa ɗaya ba ta cikawa. Masana suna auna yawan hasken da jiki ya sha da wani ma'auni da ake kira maikurosibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka ƙofar asibiti ba, yana shan irin wannan haske daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, kuma matsakaicin abin da mutum ke sha a duniya ya kai kimanin 2,400 a shekara, watau 6 zuwa 7 kowace rana ta Allah. Ƙaramin hoton nan da ake sa ɗan faifai cikin baki a ɗauki haƙori biyu ko uku, abin da yake bayarwa bai wuce kamar 5 ba. Ke nan daidai yake da abin da manomin Dukku ke sha a yini guda yana gonarsa bai sani ba. Babban hoton da na'ura ke zagaya kai ta fito da muƙamuƙi gaba ɗaya ya fi wannan, amma bai wuce na 'yan kwanaki ba. Wanda ake taka-tsantsan da shi sosai shi ne sabon nan na kwamfuta mai nuna ƙashi ta kowace fuska, domin shi yana iya kaiwa goma-goma har ɗaruruwa, kuma ba a yinsa sai ga aiki mai wuya.

To amma fa ƙanƙanta ba ita ce babu ba. Ƙa'idar da likitocin duniya suka yarda da ita ita ce, kowane hoto, komai ƙanƙantarsa, sai an sami dalilin ɗaukarsa, kuma a yi shi da mafi ƙarancin hasken da zai wadatar. An fi tsananta wannan ga yara, saboda jikinsu yana kan girma. Mace mai juna biyu ta faɗa wa likita halin da take ciki. Idan ciwon ya tilasta, ana ɗaukarta ba tare da fargaba ba, domin hasken a baki yake tsayawa, kuma ƙurji a tushen haƙori ya fi hoton zama barazana gare ta.

Wasu sukan tsorata idan ba a lulluɓe su da rigar dalma ba. A 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ba da shawarar a daina amfani da rigar, bisa hujjar cewa na'urorin zamani suna tattara hasken wuri guda, kuma rigar takan kare abin da ake son gani har a sake ɗauka. Amma a lura, shawarar tana magana ne a kan na'ura lafiyayyiya wadda ake gwada ta a kai a kai. Tsohuwar na'urar da aka sayo gwanjo, ba wanda ya auna ta tun da aka kafa ta, maganarta dabam ce. Saboda haka abin tambaya shi ne lafiyar na'urar da takardar shaidar mai riƙe da ita.

Yanzu ga batun bukata. Abin da ido ke gani na haƙori bai kai rabinsa ba, sauran yana binne cikin dasashi da ƙashi. Ruɓewar da ta fara a tsakanin turame biyu, inda suka haɗu, ba ta ganuwa sai ta yi nisa. Mugunyar da ta taru a ƙarshen saiwa, ƙashin da ciwon dasashi ya cinye, haƙorin ƙarshe na can ƙurya da ya kwanta a karkace ya kasa fitowa, saiwar da ta lanƙwashe kamar ƙugiya, duk waɗannan hoto ne ke nuna su. Haka nan wanda ya faɗi a kan babur ya daki haɓa, abin da ba baƙo ba ne a titunan Gombe, babu yadda za a tabbatar ko muƙamuƙinsa ya karye, da kuma inda ya karye, sai da hoto. A irin wannan hali, wanda ya hana kuɗin hoto ya cuci mara lafiya.

Kuma a nan ne matsalar Gombe ta bambanta da ta ƙasashen Turawa. Su can kukansu shi ne hoton ya yi yawa. A Jekadafari da Pantami da Bolari da Tudun Wada kuwa, galibin mutane ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai barci ya gagara. Kafin nan an sa kanumfari, an sha ƙwayoyin kyamis, wasu har ruwan batir suke ɗigawa cikin kogon, abin da ke ƙone dasashi bai kashe ciwon ba. In abin ya ƙi, sai a nufi mai cire haƙori na kasuwa, wanda ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi. Ya murɗa, haƙori ya karye, saiwa ta zauna a ciki. Ciwon da ya tashi daga turmin ƙasa yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe ya kumbura wuya har ya toshe numfashi, kuma mutane suna mutuwa ta wannan hanya. Idan an kai irin wannan mara lafiya asibiti, maganar ɗan ƙaramin hoto ta wuce, sai kwanciya da tiyata da kuɗin da ya ninka na farko sau da yawa.

Duk da haka ba kowane baki ne ke bukatar hoto ba, kuma ba kowace ziyara ba. A jagorar da ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar suka fitar a 2012, an ce baligin da ba shi da ruɓewa kuma ba ya cikin masu saurin kamuwa da ita, hoton bincike sau ɗaya cikin wata 24 zuwa 36 ya ishe shi. Wanda haƙoransa ke yawan ruɓewa ne ake matso masa da shi, tsakanin wata 6 zuwa 18. Wannan fa a ƙasar da kuɗi da na'urori suka wadata ke nan. To ina dalilin da za a ɗauki ɗan kasuwar Mile 12 hoto duk zuwa, alhali wankin dattin goro kawai ya kawo shi? Haka kuma jan haƙorin nan da ake gani ga wasu mutanen yankin Kaltungo, wanda yawan sinadarin fuloraid cikin ruwan sha ke kawowa tun suna yara, ido ne ke gane shi, hoto ba ya ƙara komai a kai.

Maganar kuɗi kuwa tana da fuska biyu, kuma adalci ne a faɗi ta likita. Na'urar daga waje ake shigo da ita, haka faifan da ruwan wanke shi, haka ɗan allon kwamfuta da ya maye gurbin faifai a asibitocin zamani. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, komai da ake saye da dala ya tashi, ga man janareta. Likitan da ya ƙara kuɗin hoto ba lalle ne ɓarawo ba. Amma ita ma fuskar mara lafiya a dube ta. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Mutumin Bajoga ko Kumo ko Deba da aka turo Gombe ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na kansa da na ɗan rakiya, ya rasa aikin yini. In aka ce masa hoton bai fito ba a sake, ko na'ura ta lalace ya dawo mako mai zuwa, sau da yawa ba ya dawowa.

Gombe ba ta rasa wurin zuwa ba. Tun da ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996 ta sami babbar cibiyar lafiya ta tarayya, wadda a 2014 aka ɗaga ta zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma akwai sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi a cikinsa. Ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga na 'yan kasuwa. Sai dai likitocin haƙori sun yi ƙaranci a Arewa baki ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Ikko ta fara horar da su tun shekarun 1960, alhali jami'o'in Maiduguri da Bayero sai bayan shekarar 2000 suka shiga sahu. Inda likita ɗaya ke ganin layi mai tsawo, da sauƙi a faɗa cikin al'adar tura kowa ɗakin hoto don a rage magana.

Doka ma akwai ta. Dokar kare jama'a daga haɗarin irin wannan haske tun 1995 aka yi ta, hukumar da ke aiwatar da ita, watau NNRA, ta fara aiki a 2001, kuma ita ce ke ba da lasisin kafa na'urar hoto. Masu ɗaukar hoton suna da hukumar rajistarsu, likitoci suna da majalisarsu. Abin da ya rage shi ne dokar ta sauko daga Abuja ta shiga ɗakin da ake ɗaukar hoton. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Gombe ta tilasta wa kowane asibiti, na hukuma ne ko na kuɗi, ya manna lasisin na'urarsa da ranar da aka gwada ta a bango, ya kuma rubuta farashin kowane irin hoto da Hausa inda kowa zai karanta. In hoto ya lalace saboda kuskuren mai ɗauka, kada a sake karɓar ko kwabo. Tun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsarin, kuma jihar tana da hukumarta ta GoHealth, lalle ne a bayyana wa masu biya ƙarara abin da katinsu ya ɗauka na aikin haƙori da abin da bai ɗauka ba, kada sai mutum ya zauna kan kujerar likita zai ji labari.

Shi kuwa mai aika kuɗi daga Kurmi, ba rowa ake nema daga gare shi ba, ba kuma rufe ido. Ya sa wanda ya raka mara lafiya ya tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, me ake nema a hoton nan, kuma ƙaramin zai wadatar ko sai babban? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, yakan ma ɗaga hoton ya nuna inda ciwon yake. Sannan a karɓi hoton a adana. In na faifai ne a sa cikin ambulan a rubuta kwanan wata, in na kwamfuta ne a roƙa a turo shi cikin waya. Mutumin da aka ɗauka a Ikko watan jiya, ya tafi gida hutun Salla haƙorin ya motsa, ya nuna wa likitan Gombe wancan hoton, watakila ba sai an sake wani ba.