Maiƙo Ma Yana Cikin Lissafi

'Yan Arewa masu ciwon sukari a Sabon Ibadan da Agege suna tsoron tuwo, amma ba su tsoron mai. Kuskure ne, musamman ga mai allurar insulin.

Maiƙo yakan jinkirta narkewar abinci. Mutum ya yi allura, ya zauna wa teba da miyar agushi tana ninƙaya cikin manja. Allura na iya riga abinci aiki, sukari ya faɗi, jiri ya ɗebe shi. Bayan awa 3 zuwa 5, ƙarfinta ya ragu, sai sukarin ya hau, wataƙila yana barci.

Kada ya ƙara allura da ka. Ya auna jini a lokacin, ya rubuta abin da ya ci, har tsiren dare, ya kai wa likita.