RA'AYINMU: Wanda Ya Tona Ɓarna Ba Shi Ya Yi Ɓarna Ba

A ƙasar nan duk lokacin da wata jarida ta tona asirin wani babban jami'in gwamnati, ba kasafai jama'a kan tsaya su tambayi ko ya ci kuɗin ko bai ci ba. Abin da aka fi tambaya shi ne ɗan wane yanki ne, wane addini yake bi, kuma wa ya turo ɗan jaridar. A ganinmu wannan hali shi ne babbar mafakar masu wawure dukiyar jama'a, don haka ya kamata mu yi wa junanmu tuni a kan abin da aikin bincike na 'yan jarida ya ci, da kuma wanda yake amfana da shi.

Waɗanda suka manyanta za su tuna da Doka ta 4 ta shekarar 1984, wadda gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa. A ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda, saboda labarin da suka buga a kan naɗin jakadu. Gwamnatin Janar Babangida ta soke dokar a 1985, amma a zamaninta ne, ranar 19 ga Oktoba 1986, aka kai wa Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, wani ƙunshi a gidansa da ke Ikeja. Ashe bam ne. Ba a taɓa yanke wa kowa hukunci a kan wannan kisa ba.

Kada wani ya ce ai wannan lamarin mutanen Legas ne. Bagauda Kaltho ɗan Billiri ne ta ƙasar Tangale, kuma shi ne wakilin mujallar TheNews a Kaduna a zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da ake rufe gidajen jaridu, 'yan jarida kuma na buga mujallunsu a ɓoye suna sauya wurin kwana. A 1995 kotun soja ta ɗaure 'yan jarida huɗu, wato Kunle Ajibade da Chris Anyanwu da George Mbah da Ben Charles Obi, bisa zargin suna da hannu a yunƙurin juyin mulki. Shi kuwa Kaltho ɓacewa ya yi a 1996. Sai a watan Agusta na 1998, bayan rasuwar Abacha, wani jami'in 'yan sanda, Zakari Biu, ya fito ya ce wai Kaltho ne mutumin da bam ya tashi da shi a otal ɗin Durbar na Kaduna a watan Janairun 1996, wai kuma shi ne ya je dasa bam ɗin. Abokan aikinsa sun ƙi yarda da wannan bayani. Maganar ta je gaban Kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin jama'a, amma gwamnati ba ta fitar da rahoton kwamitin a hukumance ba, sai ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suka bazu da shi a 2005.

To, shin wahalar da waɗannan mutane suka sha ta tafi a banza? Lokacin da mujallun nan ke cewa ana kwashe baitulmalin ƙasa, an kira su maƙaryata, maƙiyan ƙasa. Amma rana ba ta ƙarya. A yarjejeniyar 2017 ƙasar Suwizalan ta amince ta maido wa Nijeriya dala miliyan 321 na kuɗin da aka danganta da Abacha, a 2020 kuma aka sake maido da fiye da dala miliyan 300 ta hannun Amurka da tsibirin Jersey. Kuɗi ne da ya kamata a ce sun zama magani a asibitocinmu, da albashin malaman makaranta, da rijiyoyin burtsatse a ƙauyukanmu. Ɓarawon bai ware Kirista ko Musulmi ba sa'ad da yake ɗiba, kuma majinyacin da ya rasa magani ba a tambaye shi yarensa ba.

Dawowar mulkin farar hula ba ta kawar da halin nan namu ba. A watan Yulin 1999 mujallar TheNews ta bayyana cewa Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, bai yi karatu a Jami'ar Toronto ba kamar yadda ya yi iƙirari, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. Da farko wasu sun ce makirci ne na jaridun Kudu a kan ɗan Arewa. Ba a yi nisa ba shi da kansa ya amsa laifi, ya sauka daga kujerar. A 2018 kuma jaridar Premium Times ta binciko cewa takardar da ta yafe wa Ministar Kuɗi, Kemi Adeosun ta Jihar Ogun, aikin bautar ƙasa ta jabu ce. Ministar ta ce ba da saninta ba ne, amma ta ajiye aiki a watan Satumba na wannan shekarar. Ɗaya daga Arewa, ɗaya daga Kudu, kuma a duk biyun hujja ce ta yi aiki.

Ba muna cewa duk abin da aka buga gaskiya ne ba. Kowa ya san akwai 'yan jaridar da ke karɓar na goro su rufe labari, akwai kuma masu ɓata sunan mutum don an biya su. Irin waɗannan su ma ɓarna suke yi. Hanyar rarrabe su kuwa ba ta da wuya: mai bincike na ƙwarai yakan nuna takarda, ya faɗi adadi da rana, ya kuma bai wa wanda ake zargi damar kāre kansa. Wanda ya zo da haka a saurare shi ko da ɗan gidanmu ya taɓa. Wanda kuma ya zo da zagi kawai a bar shi da kayansa ko da abokin hamayyarmu yake zagi.

Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati domin jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2011, ta bai wa kowane ɗan ƙasa, ba ɗan jarida kaɗai ba, ikon rubuta wa ma'aikata takarda ya nemi bayani, kuma ta wajabta a amsa cikin kwana 7. Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su riƙa tambayar nawa aka ware wa aikin da aka fara a yankinsu aka watsar, da sunan ɗan kwangilar, su kuma miƙa amsar ga ɗan jaridar da suka amince da shi.

Muna kuma kira ga hukumomi su daina fakewa da Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 suna tsare 'yan jarida. Jami'in da ke ganin an yi masa ƙazafi, ƙofar kotu a buɗe take. Haka nan ya kamata gwamnati ta sake buɗe binciken mutuwar Dele Giwa da ɓacewar Bagauda Kaltho, domin iyalansu su san gaskiya, 'yan baya kuma su san ran ɗan jarida ba na banza ba ne.

Mu kuma da ke karatu, idan gobe aka tona asirin wani namu, mu fara da duba hujja kafin mu ɗaga murya. Allah ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya, amin.