Haƙƙin Mai Zuba Jari Idan Ya Zargi Kamfani da Zamba

Duk lokacin da wani kamfani ya nutse da kuɗin jama'a a Nijeriya, abin da aka fi ji daga bakin waɗanda abin ya shafa shi ne "Allah ya isa." Daga nan sai kowa ya koma gida ya yi shiru, wani don kunya, wani don ganin cewa hukuma ba za ta saurari talaka ba. Wannan shirun kuwa shi ne babbar garkuwar 'yan damfara. Yarda da ƙaddara ba ta hana mutum neman haƙƙinsa, kuma dokar ƙasa ta tanadar wa mai zuba jari ƙofofin da zai ƙwanƙwasa tun daga ranar da zargi ya shiga zuciyarsa.

Zambar iri biyu ce. Akwai ta masu alkawarin riba mai tsoka ba tare da wata sana'a ba, waɗanda ke biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi. Irinta ce ta MMM, wadda ta daskarar da asusun mahalartanta a watan Disamba na 2016, har Hukumar Inshorar Ajiyar Banki, wato NDIC, ta ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Akwai kuma ta cikin kamfani mai rajista, inda shugabanni ke kumbura alƙaluman riba don su ruɗi masu hannun jari. A 2006 an gano irin wannan a littattafan kamfanin Cadbury na Nijeriya, kuma a 2008 Hukumar Kula da Kasuwar Hannayen Jari, wato SEC, ta ci kamfanin tara, ta kuma haramta wa wasu manyan jami'ansa riƙe muƙamin darakta a kamfanonin da jama'a ke da hannun jari a cikinsu.

Matakin farko ga wanda ya ga alamar rashin gaskiya shi ne tattara hujja: rasit, takardar yarjejeniya, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonnin waya da tallace-tallacen da aka yi masa alkawari a cikinsu. Sannan ya rubuta wa kamfanin ko dillalinsa koke, ya ajiye kwafi. Idan bai sami gamsasshiyar amsa ba, sai ya kai kuka ga SEC, wadda ke da ofishi a Abuja da Legas da Kano da Fatakwal, kuma take da ikon bincike da ladabtarwa. Wanda hukuncinta bai yi masa ba yana iya zuwa Kotun Musamman ta Harkokin Zuba Jari, wadda dokar 1999 ta samar, daga can kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Idan al'amarin ya kai ga sata ko yaudara da gangan, ya zama laifi, don haka hurumin 'yan sanda ne da Hukumar EFCC, wadda ke iya neman umarnin kotu a rufe asusun wanda ake zargi. Dokar Zuba Jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya zubin yaudara. Shi kuwa mai hannun jari a kamfani, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba shi damar kai ƙara Babbar Kotun Tarayya idan ana tafiyar da kamfanin ta hanyar da ke zaluntarsa, har ma ya nemi izinin yin ƙara a madadin kamfanin a kan daraktocin da suka ci amana.

Wasu za su ce shari'a na da tsada da jan ƙafa, kuma ɗaure ɓarawo ba lallai ne ya dawo da dukiya ba. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, amma ita ce ma hujjar gaggawa, domin kuɗin da ba a rufe asusunsu yau ba, gobe sun tsallaka ƙetare. Batun tsada kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda aka cuta za su iya haɗa kai su ɗauki lauya guda. Sai dai a tuna cewa ba kowace asara ce zamba ba, kasuwa takan faɗi da kanta, kuma yaɗa zargi ba hujja na iya jawo ƙarar ɓata suna.

Malamin makaranta, wanda sau da yawa kuɗin adashinsa ko na sallamarsa ake hari, ya kamata ya riƙe abu guda ya kuma koyar da shi: takardar rajista ta Hukumar CAC shaida ce kawai cewa kamfani ya wanzu, ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Wanda ya bincika rajistar kamfani a wurin SEC kafin ya miƙa kuɗinsa ya yi rigakafi. Wanda kuma ya riga ya miƙa, to, ya ɗauki takardunsa ya nufi hukuma tun kafin a wayi gari ofishin kamfanin a kulle.