Ƙaramin babur zai iya hanyarmu ta kullum?

 

A zamanmu na makon jiya a nan Gougaram, bayan an gama zubi an rufe akwati, wata ƴar'uwarmu mai sana'ar cuku ta ɗaga hannu. Kullum sai ta je rugage biyu ko uku ta karɓo cuku, sannan lokaci-lokaci ta kai shi Arlit. Ta ce jiran mota da kuɗin kabu-kabu sun cinye mata riba, don haka in an yi rabo tana so ta haɗa da ɗan abin da ta ajiye ta sayi babur. Ta dubi shugabarmu ta ce: "Inna, ƙaramin nan da ake cewa ɗari da goma zai ishe ni, ko sai babba?" Nan take wuri ya kaure. Wata ta ce ƙarami abin yara ne, wata ta ce babba ai sai maza. Inna ta ce a dakata, kuɗin shekara guda ba a yanke masa hukunci da hayaniya. Aka ɗora mana aikin tambayar masu gyara da masu hawa. Ga abin da muka samo.

Da farko, mene ne wannan 110 da 125 da 150 da ake rubutawa a jikin babur? Awo ne na faɗin cikin inji, wurin da mai da iska ke haɗuwa su ƙone. In lambar ta ƙaru, ƙarfin ja ya ƙaru, shan mai da nauyi su ma su ƙaru. Mai 110 yawanci giya huɗu gare shi, ba shi da kuloci na hannu, da ƙafa kawai ake sauya giya, shi ya sa koyonsa ke da sauƙi. Nauyinsa wajen kilo 100 ne, tankinsa kuma bai cika wuce lita 4 ba. Mai 125 ko 150 yana da kuloci, ya fi tsayi, ya fi nauyi, tankinsa kan ɗauki lita 10 ko fiye.

Kada kowa ta raina ƙaramin. Kamfanin Honda na Japan ya fito da irinsa, mai suna Super Cub, a 1958, da inji mai 50 kacal. Zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Yawancin ƙananan baburan Sin da muke gani a kasuwa a kan tsarinsa aka yi su. Mata da yawa a ƙasashen Asiya da shi suke zuwa kasuwa da wurin aiki. Sai dai hanyarsu kwalta ce, kuma gidan mai yana kusa. Tamu hanyar kuwa iri uku ce, kuma kowace da tata amsar.

Hanya ta farko ita ce ta cikin gari. Ƴan'uwanmu na ƙungiyoyin Arlit da Akokan sun san ta: daga gida zuwa kasuwa, a ajiye yaro a lakkol, a leƙa likita, a dawo. Tsakanin garuruwan biyu ƴan kilomita kaɗan ne. Tun da aka rufe mahaƙar COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, gidaje da yawa a Akokan sun rasa albashi, kuma ƙaramar sana'ar uwargida ce ke ɗora tukunya. Ga mai irin wannan zirga-zirga, 110 ya isa har da saura. Mu yi lissafi. A ƙasa mai tauri yana shan kusan lita 2 a kilomita 100. Mu ce kina yin kilomita 20 a rana, kwana 26 a wata, kilomita 520 ke nan, wato lita 10 zuwa 11. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499, dala ɗari ba kaɗan. A kan wannan farashi, man wata guda bai wuce jika biyar da rabi ba. Ki kwatanta da abin da kike ba mai kabu-kabu safe da yamma, za ki ga bambancin da kanki.

Hanya ta biyu ita ce tamu ta nan karkara: gida zuwa rijiya, zuwa garka, zuwa ruga, zuwa gidan likita. Nan ma ƙarami yana iyawa, muddin ƙasar tsakuwa ce ko tauri, kuma kayan ba su wuce kima ba. Inda yake shan wuya shi ne cikin rairayin ƙorama. Tayarsa siririya ce, tana nutsewa. Injin kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. In kika shiga yashi da giya ta ɗaya, inji yana ta ihu amma babur yana rarrafe, to iskar da ke bugunsa ta ragu a daidai lokacin da ya fi zafi. A watan Afrilu da Mayu, wannan shi ke kashe inji. Wani bakanike ya ce mana, in kin ji ƙaurin baƙin mai, ki tsaya a inuwa ki bar shi ya huce, kada ki watsa masa ruwa. In ƙoramar gajera ce, ki sauka ki tura shi yana kunne. A nan rashin nauyinsa alheri ne, domin in ya faɗi, mace ɗaya za ta iya ta da shi.

Hanya ta uku ita ce ta zuwa Arlit, kuma a kanta ne ƴar'uwarmu ta fi sa rai. Kowa ta san ba kwalta. Duwatsu ne da yashi, sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka gamu da kowa ba. Da damina, tsakanin Yuli da Satumba, ruwan da ya sauka kan duwatsun Abzin yakan cika ƙorama cikin ɗan lokaci, ko da inda kike ba a yi yayyafi ba. A irin wannan hanya ƙaramin tanki matsala ne, don yashi yana ƙara shan mai sosai, sai an ɗaura jarka a baya. In aka ɗora mutum biyu da kaya, ƙarami zai je, amma ba zai daɗe yana zuwa ba: sarƙa ta saki, ƙafar baya ta lanƙwashe, inji ya fara hayaƙi. Mai 150 ya fi dacewa da ita. To amma mu tambayi kanmu gaskiya: wa zai tuƙa? In ƙafarki ba ta kai ƙasa da kyau, in ba ki iya ta da shi ke kaɗai a tsakiyar daji ba, to babur ɗin zai koma hannun ɗanki ko ƙanen maigida, ke kuma ki koma jiran mota da kuɗinki a ƙarƙashin wani. Mun ga haka ba sau ɗaya ba.

Saboda haka shawarar da muka ba ƴar'uwarmu ita ce ta ƙirga kwanakinta. A wata guda, kwana nawa take zagayen rugage, kwana nawa take zuwa Arlit? Da ta ƙirga, sai ta ga zagayen rugage kusan kullum ne, Arlit kuwa sau biyu ko uku. Ashe ba hikima ba ce ta sayi babba saboda tafiyar kwana uku, ta yi ta fama da shi sauran kwana ashirin da bakwai. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ƙarami ya yi mata aikin kullum, ranar Arlit ta ajiye shi ta shiga mota. Wadda kuwa sana'arta ita ce jigilar kaya a doguwar hanya kowane mako, kuma tana da amintaccen mai tuƙi, ita ce za ta duba babba.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi shafar mu duka. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991, an gina shi ne a kan ƙaramin bashi mai saurin dawowa: ki ɗauka, ki juya, ki biya cikin ƴan makonni, wata ta ɗauka. Babur ba ya mayar da kuɗinsa da irin wannan sauri. In mace ɗaya ta kwashe rabin akwati don sayensa, mai ƙosai da mai sayar da itace sun rasa jari, kuma ranar biya za ta zo kafin babur ya tara komai. Don haka muke cewa a saye shi da kuɗin rabo, bashin akwati a bar shi ga jari. Kuma kada ki zuba duk abin da ke hannunki a kuɗin saye. Ki rage na takardu, na hular kwano, da na gyaran watannin farko. Babur mai araha wanda ba shi da takardun duwan, ranar da aka tsare shi a hanya za ki gane araha ba ta ado.

Kafin ki biya, ki je wurin bakaniken da zai riƙa duba miki shi, ki tambaye shi wane iri ne ake samun kayan gyaransa a Arlit ba sai an aika Agadez ba, mai nisan kilomita wajen 240. Amsarsa ta fi ta mai sayarwa amfani. In na hannu ne, ki sa a kunna shi da sanyin safiya a gabanki, a dubi hayaƙinsa. Hayaƙi mai shuɗi alama ce inji yana cin baƙin mai.

Bayan an saya, abu biyu ne ke riƙe ran ƙaramin inji a ƙasarmu mai ƙura. Na farko baƙin mai: abin da yake ɗauka bai kai lita guda ba, ya ragu kaɗan ke nan inji ya shiga haɗari. Ki koyi duba shi da kanki kowace safiya, kuma ki riƙa juye a kan lokaci. Na biyu matatar iska: lokacin hunturu, da iska ke tashi da ƙura, a riƙa buɗe ta ana tsabtacewa akai-akai. In ta toshe, babur ya rasa ƙarfi ya ƙara shan mai. In ta yage, yashi ya shiga ya cinye inji daga ciki. Man kwalba kuma, wanda mu nan ba mu da makawa sai shi, ki tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ki zuba. Kuma ki tuna farashinsa ya fi na gidan mai, ki sa wannan a lissafinki.

Abu na ƙarshe, ƴan'uwa, jikinmu. Ki tattare zane da mayafi kafin ki hau, domin bakin mayafi in ya shiga sarƙa ko ƙafar baya, kafin ki ankara ya fizge ki ƙasa. Ki kula da salansa, tana ƙone ƙafar yaro cikin ƙiftawar ido. Ki sa hular kwano ko da tafiyar kusa ce. Kada ki fita daji ba ruwan sha, ba famfo da kayan faci, kuma ki gaya wa na gida inda kika nufa.

Ƴar'uwarmu ta ce za ta jira rabo, kuma kafin nan ƙanwarta za ta koya mata tuƙi a filin bayan gari. Mai riƙe da littafinmu ta ba ta shawarar ta fara ware jika ɗaya kowane mako tun yanzu, da sunan gyaran babur. Ƙungiyoyin Arlit da Akokan da Iferouane, in akwai wadda ta daɗe tana hawa a cikinku, ta aiko mana da abin da take kashewa a wata, mu karanta wa sauran a fitowa ta gaba.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya kai mu rabo lafiya.