Darasin Korona: Me ya sa ajin zane-zane ke buƙatar alƙaluma?

A shekarar 2020, miliyoyin mutane sun fahimci annobar korona ta hanyar zane kafin su ga majinyaci ko ɗaya da idonsu. Shafin Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, wanda Farfesa Lauren Gardner da ɗalibinta Ensheng Dong suka buɗe a watan Janairun shekarar, ya riƙa nuna yaɗuwar cutar da jajayen ɗigo a kan taswirar duniya. A Najeriya kuwa, hukumar NCDC ce ke fitar da jadawalin jihohi kusan kowane dare. An daina sabunta shafin Johns Hopkins a Maris ɗin 2023, amma tambayar da ya bari tana nan: wa ke koya wa matasa yin irin wannan zane, wa kuma ke koya musu tuhumarsa?

A al'adance ana barin ƙididdiga ga malamin lissafi. Sai dai da zarar an ce a mayar da lamba hoto, aikin ya shiga hannun mai zane: wane launi za a sa, me za a girmama, me za a tura gefe. Tarihi ya nuna nauyin wannan zaɓi. Bayan kwalara ta hallaka fiye da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan a 1854, likita John Snow ya wallafa taswirar da ta nuna yadda mamatan suka taru kewaye da famfo guda a titin Broad. A 1858, Florence Nightingale ta zana da'ira mai launuka da ta bayyana cewa cututtukan da ake iya kaucewa sun fi raunin fagen daga kashe sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya.

Zanen da ke wayar da kai shi ne kuma ke iya ruɗarwa. A Mayun 2020, ma'aikatar lafiya ta jihar Jojiya a Amurka ta fitar da jadawalin da aka hargitsa jerin kwanakinsa, har ya zama kamar cutar na ja da baya. Sai da aka yi ca a kanta sannan aka gyara. Kano ta ga wani nau'in matsalar. A Afrilun 2020, masu haƙar kabari na cewa jana'iza ta yi yawa fiye da yadda aka saba, a daidai lokacin da aka dakatar da gwaji na wasu kwanaki. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da nasaba da korona. Layin da ya kwanta a jadawali yana iya nufin cuta ta lafa, yana kuma iya nufin an daina auna ta.

Ɗalibin da ya taɓa zana alƙaluma da hannunsa ya fi saurin gano wannan bambanci, domin ya san inda ake ɓoye giɓi. Darasin kuma bai dogara da kwamfuta ba. Masu zane Giorgia Lupi da Stefanie Posavec sun shafe shekara guda suna aika wa juna katin wasiƙa kowane mako, ɗauke da ƙididdigar rayuwarsu da suka zana da hannu. Da an tanadi irin wannan aiki lokacin da aka rufe makarantun Najeriya a Maris ɗin 2020, da ɗalibi na iya ƙirga yawan zuwa famfo ko farashin kwanon masara a gidansu, ya zana a takarda.

Akwai masu ganin an ɗora wa malamin zane kayan da ba nasa ba, kuma suna da hujja: kyakkyawan zane a kan gurɓatattun alƙaluma ya fi mummuna haɗari, saboda an fi gaskata shi. Maganin shi ne haɗa malamin zane da na lissafi a darasi ɗaya, a kuma wajabta wa ɗalibi ya rubuta inda ya samo lambobinsa da abin da ba a ƙirga ba.

Lamarin ya shafi siyasa kai tsaye. Mashaƙo ya addabi Kano a 2023, kwalara na dawowa da damina, sanƙarau da bazara, yayin da rahotannin hukuma ke fitowa da Turanci. Sassan koyar da zane, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da kwalejojin ilimi, su ne za su iya yaye matasan da za su fassara waɗannan rahotanni zuwa hoto mai bayanin Hausa ko Ajami. Al'ummar da ta iya karanta jadawali za ta tambayi gwamna mutum nawa aka gwada kafin ta yarda cewa cuta ta ragu.