RA'AYI: Masu Auna Ƙasar Ƙanƙara, Da Rabon 'Ya'yan Sabo A Cikin Aikin

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗan Arewa da yake sayar da tumatir a Mile 12, ko shanu a Agege, ko goro a Sabon Shagamu, watakila zai yi mamaki in ya ji wai wata gaɓar teku a can ƙuryar arewacin duniya, inda rana takan yi watanni ba ta faɗi ba, tana da abin da ya haɗa ta da shi. Alhali kuwa tana da shi. Domin haka ne wannan shafi ya ga ya dace a yi bayanin aikin mutanen da suka sadaukar da rayuwarsu wajen bincike a can, a kuma yi tambaya ko akwai rabon 'ya'yan Arewa a ciki.

Yankin da ake magana shi ake kira Aktik, wanda ya haɗa arewacin Rasha, da Alaska ta Amurka, da arewacin Kanada, da Girinlan, da tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe. Ƙasar wurin daskararriya ce, rani da damina, a waɗansu wuraren har zurfin ɗaruruwan mitoci. Cikinta kuwa akwai ciyayi da saiwoyi da ƙasusuwan dabbobi na dubban shekaru waɗanda sanyi ya hana su ruɓewa. Duk waɗannan abubuwa cike suke da sinadarin kabon, wato abin nan da gawayi ya ƙunsa. Masana sun ƙiyasta kabon ɗin da ke kwance a daskararriyar ƙasar arewa ya kai tan miliyan dubu 1,400 zuwa 1,600, kusan ninki biyu ke nan na wanda ke cikin iskar duniya baki ɗaya.

Muddin ƙasar tana daskare, babu abin fargaba. To, amma wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna daga 1979 zuwa 2021 yankin ya ɗumama kusan ninki huɗu bisa sauran duniya. Da zarar ƙasar ta narke, sai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su fara cin abin da ke ciki, su fitar da iskar kabon da iskar metan, su kuwa waɗannan iskoki su ne ke riƙe zafin rana. Zafi ya narkar da ƙasa, ƙasa ta fitar da iska, iska ta ƙara zafi. A rahotonta na 2024, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ce filayen yankin, waɗanda suka daɗe suna shanye kabon, sun koma suna fitar da fiye da abin da suke shanyewa, in an haɗa da gobarar daji.

Inda abin ya fi tsanani shi ne bakin teku. Kusan kashi ɗaya bisa uku na gaɓar tekun duniya daskararriyar ƙasa ce. A dā ƙanƙarar teku takan tare igiyar ruwa kusan duk shekara, yanzu kuwa tana narkewa da wuri, tana makara wajen dawowa, sai igiya ta sami gaɓar da ta riga ta yi laushi. A bisa matsakaicin lissafi teku tana cin kimanin rabin mita a shekara, amma a Drew Point ta Alaska matsakaicin abin da ta ci ya fi mita 15 a shekara tsakanin 2007 da 2016. Mutanen ƙauyen Shishmaref sun jefa ƙuri'a a 2016 suka zaɓi su tashi daga garin kakanninsu. Bugu da ƙari, manyan koguna irin su Ob, da Yenisei, da Lena, da Mackenzie suna kwaso kabon daga cikin ƙasa suna zubawa a teku.

Babbar tambayar da ake biyan masu bincike su amsa ita ce: ina wannan kabon yake ƙarewa? Wani yakan nutse ya kwanta a ƙarƙashin teku, ya binnu, ba shi da sauran illa. Wani yakan koma iska ya tashi sama. Wani kuma yakan zo tare da taki wanda ke ciyar da 'yan ƙananan tsiren ruwa, su kuwa su shanye kabon daga iska, kifi ya ci su. Sanin yawan kowane kashi shi zai nuna saurin da duniya za ta ɗumama.

Aikin kansa ba na raggo ba ne. Lokacin fita fage 'yan makonni ne kawai a shekara. Mai bincike yakan huda ƙasa da injin ya zaro curin daskararriyar laka, ya shiga ƙaramin jirgin ruwa ya ɗebo ruwa da taɓo, ya kifa akwati a kan ƙasa ya auna iskar da ke fitowa, sauro kuma yana cizonsa kamar a fadama. A Svalbard ba a fita bayan gari sai da abin kare kai daga farin beyar, dabba mai cin mutum. A arewacin Kanada kuwa sai an nemi lasin bincike, an kuma shawarci 'yan ƙasa, mutanen Inuit, waɗanda suka san gaɓar fiye da kowane baƙo. Sauran watannin shekara a ɗakin gwaji ake ƙare su, da gaban kwamfuta, ana gwada shekarun kabon, ana duba hotunan tauraron ɗan'adam, ana lissafi.

Hanyar shiga kuwa doguwa ce amma sananniya. Yaro ya riƙe lissafi da kimiyya tun daga sakandare. Ya yi digiri na farko a ilmin haɗa sinadarai, ko na halittu, ko na duwatsu da ƙasa, ko na teku. Ya yi na biyu, sa'an nan na dakta, wanda kan ci shekara uku zuwa biyar. Cibiyar Alfred Wegener ta ƙasar Jamus, wadda aka kafa a Bremerhaven a 1980, tana da reshe a Potsdam da ya shahara wajen binciken daskararriyar ƙasa, masananta kuma sun daɗe suna aiki a tsibirin Herschel na Kanada. Norwe ta buɗe cibiyar jami'a a Longyearbyen a 1993. Ko da yake tun 2023 ƙasar tana karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da suka zo daga wajen Turai, mai neman digirin dakta a can ma'aikaci ne da ake biya albashi. Hatta maganar ibada ba ta zama cikas ba: an buɗe masallaci a garin Inuvik, kusa da bakin kogin Mackenzie, a 2010, malamai kuma sun yi fatawa cewa inda rana ba ta faɗuwa a bi lokacin Makka ko na gari mafi kusa da ke da dare da rana.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba sana'ar tara dukiya ba ce. Bayan digirin dakta, yawanci aikin kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, mutum yana ƙaura daga wannan ƙasa zuwa waccan kafin ya sami kujera ta dindindin. Siyasa ma takan shiga tsakani. Tun 1998 Jamusawa da Rashawa suke aiki tare a tsibirin Samoylov na bakin kogin Lena, amma da Rasha ta kai wa Yukren yaƙi a 2022 sai aka yanke hulɗar, alhali kuwa kusan rabin gaɓar Aktik a hannun Rasha take. Wannan hasara ce ga duniya duka, domin iska ba ta san iyakar ƙasa ba.

To, ina ruwan Nijeriya? Zafin duniya yana kumbura ruwan teku, yana kuma narkar da ƙanƙarar tudu irin ta Girinlan. Daga 1901 zuwa 2018 teku ta ƙaru da kimanin santimita 20. Ikko kuwa gari ne da ke zaune dab da ruwa. Tsofaffin mazauna sun ga yadda teku ta riƙa cinye Bar Beach tana malalowa kan titi, garin Ayetoro na Jihar Ondo kuma ya rasa gidaje masu yawa. Mutumin da farin 1973 ko na 1984 ya koro daga gonarsa bai kamata ya zuba ido ruwa ya sake korar jikokinsa daga Kurmi ba. Hasali ma, ilmin da ake koyo a gaɓar ƙanƙara shi ake bukata a gaɓar gida, domin dazuzzukan bakin ruwa na Neja Delta, waɗanda babu kamarsu girma a Afirka, su ma rumbun kabon ne, kuma da irin waɗannan na'urori ake auna su.

Ga wata dama kuma da ba a lura da ita ba. Yaron da aka haifa a Obalende ko Idi-Araba ya fi ɗan'uwansa na Katsina kusa da teku. Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1975, tana nan Victoria Island. Jami'ar Ikko tana da sashen ilmin teku, ta Kalaba ma tana da cibiyarsa. Abin takaici ne a ce yaro mai ƙwaƙwalwa yana wuce ƙofar irin waɗannan wurare da tiren talla a ka.

Saboda haka wannan shafi yana kira ga iyaye su bar 'ya'yansu, maza da mata, su ƙare sakandare, kada a cire su domin tsaron shago. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Ikko da Badun da Fatakwal su kafa asusun taimakon ɗaliban kimiyya, kamar yadda suke haɗa kuɗin gina masallaci. Hukumomin ba da sukolashif na jihohin Arewa su tuna da 'ya'yansu da aka haifa a Kudu, su kuma daina ɗaukar karatun da ba likita ko injiniya ba a matsayin ɓarnar kuɗi. Gwamnatin Tarayya ta wadata cibiyoyin bincike da kayan aiki, domin wanda ya je ya koyo ya sami abin da zai dawo ya tarar. Shi kuma ɗalibin da Allah ya ba shi dama, ya tuna da gida.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, kakannin Hausawa kuwa ba su taɓa tsoron nisa ba, daga Gwanja har Makka. Ƙasar da ba ta da masanan da za su auna mata teku, sai dai ta jira baƙi su gaya mata ranar da ruwa zai iso ƙofar gidanta. Allah Ya ganar da iyaye da shugabanni, amin.